TARIHI: Hamao Umezawa, likitan Japan da ya tono maganin tarin fuka da na sankara daga cikin ƙasa

Duk wanda ya tashi a Adar ya san ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka bayan doguwar bazara. Masana sun gano cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya iya gani, masu zama cikin ƙasa, ke fitar da sinadarin da ke ba da wannan ƙamshi. Sunansu a wajen masana Streptomyces, kuma daga jikinsu aka samo da yawa daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake rubuta wa marasa lafiya a asibitoci.

Cikin mutanen da suka fi kowa sanin sirrin waɗannan halittu akwai Farfesa Hamao Umezawa, likita ɗan ƙasar Japan, wanda ya shafe sama da shekara 40 yana bincike a kansu. Shi da abokan aikinsa ne suka gano kanamaisin, allurar da aka yi amfani da ita a Nijar wajen warkar da tarin fuka mai taurin kai, da biliyomaisin, ɗaya daga cikin magungunan sankara da ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shi ne kuma ya buɗe fagen neman sinadaran da ke toshe aikin enzayim daga jikin halittun ƙasa, fagen da har gobe masu binciken cutar daji ke nema a cikinsa.

Haihuwa da karatu

An haifi Umezawa ranar 1 ga Oktoba, 1914, a garin Obama da ke lardin Fukui, a gaɓar tekun yammacin Japan. Mahaifinsa likita ne, kuma shi ne ɗa namiji na biyu a gidan. Yayansa, Sumio Umezawa, ya zama farfesan ilimin haɗa sinadarai a Jami'ar Keio, daga baya ma 'yan'uwan biyu sun yi aiki tare.

Ya shiga sashen koyon aikin likita na Jami'ar Tokyo a 1933, ya kammala a 1937, shekarar da yaƙi ya ɓarke gadan-gadan tsakanin Japan da China. Kamar sauran samarin likitoci na lokacin, an ɗauke shi aikin soja. Tun a wannan lokaci hankalinsa ya fi karkata ga nazarin ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji.

Mujallar da ta zo ta ƙarƙashin teku

A tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka da Ingila sun fara sarrafa fenisilin da yawa domin jinyar sojojinsu. Alexander Fleming ne ya fara lura da maganin a Landan a 1928. Japan, wadda ke yaƙi da ƙasashen biyu, ba ta da hanyar samunsa.

A ƙarshen 1943 wani jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku ya iso Japan daga Turai, cikin kayansa har da wata mujallar likitoci ta Jamus mai ɗauke da bayani kan fenisilin. Umezawa ne ya fassara bayanin zuwa Japananci. A watan Fabrairun 1944 sojoji suka kafa kwamitin masana, aka baza neman irin funfunar da ke fitar da maganin, aka riƙa raya ta ana gwadawa. Kafin shekarar ta ƙare an samu fenisilin ɗan gida, har kamfanin Morinaga, wanda aka sani da alewa da madara, ya fara sarrafa shi a masana'antarsa. Umezawa, mai shekara 30 a lokacin, yana cikin waɗanda suka yi aikin tace maganin.

Bayan yaƙin, a 1947, gwamnati ta kafa cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, aka ba shi shugabancin sashen magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Yadda ake neman magani a cikin ƙasa

Aikin ba shi da wani ɓoyayyen sirri, haƙuri yake ci. Ana ɗebo 'yar ƙasa daga gona ko daji ko bakin rafi, a rubuta inda aka ɗebo ta, a jiƙa da ruwa, a shafa a faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin halitta. Bayan kwanaki sai halittu iri-iri su tsiro. A ware kowace a raya ta ita kaɗai cikin romo, sannan a ɗiga romon a kan ƙwayar cuta. Idan ƙwayar cutar ta kasa girma a kewayen ɗigon, akwai wani abu a ciki.

Daga nan wahalar ke farawa. Sai an tace sinadarin shi kaɗai, an gano siffarsa, an tabbatar ba wanda wasu suka riga suka gano ba ne, an gwada shi a jikin ɓeraye domin sanin gubarsa, sannan a kai ga mutane. Mafi yawan abin da aka samu a hanya yake faɗuwa. Akan gwada dubban halittu kafin a dace da guda ɗaya mai amfani. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Selman Waksman na Jami'ar Rutgers a Amurka ne ya shahara da wannan hanya, kuma a ɗakin gwajinsa aka samo sitireftomaisin a 1943, maganin farko da ya yi tasiri a kan tarin fuka. Umezawa ya ɗauki hanyar, ya faɗaɗa ta zuwa cututtukan da ba a yi zaton za ta kai ba.

Kanamaisin da kuɗin da ya kawo

Har zuwa 1950 tarin fuka ne ya fi kowace cuta kashe mutane a Japan. Sitireftomaisin ya taimaka, amma ba a jima ba ƙwayar cutar ta fara bijire masa. Cikin wata ƙasa da aka ɗebo daga lardin Nagano, Umezawa da mutanensa suka samu halittar da ke fitar da sabon sinadari mai kashe ƙwayar tarin da ta daina jin sitireftomaisin. Suka sanar da shi a 1957 da sunan kanamaisin, kamfanin Meiji ya fara sayar da shi a 1958, daga nan ya bazu a duniya.

Kuɗin haƙƙin mallaka suka fara shigowa da yawa. Da su aka kafa gidauniyar bincike a 1958, wadda ta gina Cibiyar Nazarin Sinadaran Ƙananan Halittu a unguwar Shinagawa ta Tokyo a 1962, Umezawa ya zama shugabanta. A wannan shekarar ce kuma aka ba shi lambar girma ta al'adu, wadda ita ce mafi daraja da Japan ke bai wa masana. Galibin abubuwan da ya gano daga baya a wannan cibiya aka gano su, ciki har da kasugamaisin na 1965, maganin cutar da ke ƙone shinkafa a gona, wanda aka samo daga ƙasar wani wurin bauta mai suna Kasuga a birnin Nara.

Daga tarin fuka zuwa sankara

Tun farkon shekarun 1950 Umezawa ya yi tunanin cewa idan halittun ƙasa na fitar da abin da ke hana ƙwayar cuta hayayyafa, ba mamaki a samu wanda zai hana ƙwayar sankara hayayyafa. Sankara ƙwayoyin jikin mutum ne da kansu suke rarrabuwa babu birki. Sai ya fara gwada romon halittunsa a kan ɓerayen da aka dasa wa ƙari. A 1953 ya sanar da sarkomaisin, wanda aka yi amfani da shi na ɗan lokaci a Japan kafin waɗanda suka fi shi su ture shi.

Babbar nasarar ta zo ne da biliyomaisin, wanda aka samo daga ƙasar wata mahaƙar kwal a lardin Fukuoka, aka buga bayaninsa a 1966. Maganin yana kama ƙarfe da iskar oksijin a cikin ƙwayar halitta, sai ya daddatse zaren DNA, wanda ke ɗauke da umarnin hayayyafa. Wani likitan mafitsara, Tokuji Ichikawa, ya gwada shi a kan masu sankarar mazakuta, ya ga ƙarin na motsewa. Kamfanin Nippon Kayaku ya fitar da shi kasuwa a 1969, Amurka ta amince da shi a 1973.

Abin da ya sa likitoci suka rungume shi shi ne ba ya lalata ɓargo sosai kamar yawancin magungunan sankara, don haka ana iya haɗa shi da wasu. A birnin Milan na Italiya, Gianni Bonadonna ya sa shi cikin haɗin magunguna huɗu da ya zama ginshiƙin jinyar sankarar kaluluwa da ake kira Hodgkin. A Indiana ta Amurka, daga 1974, aka haɗa shi da sisfilatin domin sankarar 'ya'yan maraina, cutar da ta fi kama samari. Kafin wannan haɗi, kaɗan ne ke tsira idan ta bazu a jiki. Yau mafi yawansu na warkewa. A Afirka kuwa an daɗe ana amfani da shi a kan sankarar fata ta Kaposi, wadda ta yawaita tare da cutar kanjamau.

Sai dai maganin na da nasa sharrin: yana iya taurara huhu har numfashi ya gagara. Shi ya sa likitoci ke lissafa jimillar abin da aka yi wa mutum a tsawon rayuwarsa, ba sa bari ya wuce iyaka. Ɗakin gwajin Umezawa ne ya gano dalilin. Akwai wani enzayim a jiki da ke karya biliyomaisin, kuma ya yi ƙaranci a fata da huhu. A nan maganin ke daɗewa da ƙarfinsa, a nan yake aiki, a nan kuma yake ɓarna.

Mene ne enzayim?

Enzayim sinadari ne da jikin mai rai ke ƙerawa domin ya gaggauta wani aiki guda, ko yankawa ko haɗawa ko narkarwa. Mutanen jihar Tahoua sun daɗe suna aiki da shi ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Matan Abalak da Tchintabaraden masu yin cuku suna daskarar da madara da ruwan tumbin ɗan akuya mai shan nono, kuma enzayim ne a cikin tumbin ke yin aikin. Haka mai naɗe nama da ganyen gwanda domin ya yi laushi, enzayim ɗin gwanda ne ke tsinka naman.

Jikin mutum na da dubban irinsu, kowanne da aikinsa, kamar kwaɗo da makullinsa. Ƙwayar cuta na da nata, ƙwayar sankara ma ta dogara da wasu. Idan aka samu abin da zai shige bakin kwaɗon ya toshe shi, aikin ya tsaya.

Bijirewar ƙwayoyin cuta ta ƙara ja hankalin Umezawa zuwa wannan fage. A ƙarshen shekarun 1950 likitocin Japan suka lura cewa ƙwayar da ke sa zawo mai jini ta daina jin magunguna da dama a lokaci guda, kuma tana iya miƙa wannan taurin kai ga wata ƙwayar. A 1967 Umezawa ya nuna yadda abin ke faruwa da kanamaisin: ƙwayar cutar na fitar da enzayim da ke liƙa wa maganin wani ɗan sinadari a wani wuri takamaimai, sai maganin ya mutu. Da ya gane wurin, shi da yayansa Sumio suka cire shi daga jikin maganin, suka samar da dibekasin a 1971, wanda wancan enzayim ba ya samun inda zai kama. Amikasin, da wasu masanan Japan suka ƙera daga kanamaisin a 1972, wannan hanyar ya biyo.

Masu toshe enzayim

Daga tsakiyar shekarun 1960 ya ɓullo da sabon salon tankaɗe. Maimakon ya ɗiga romon halittun ƙasa a kan ƙwayar cuta, sai ya zuba shi cikin kwalbar gwaji mai ɗauke da enzayim guda ɗaya da abin da yake yankawa. Idan yankan ya tsaya, romon na da matoshi. Tare da Takaaki Aoyagi da Tomio Takeuchi ya samo gommai ta wannan hanya.

A 1969 suka sanar da lufeftin, a 1970 kuma fefsitatin, wanda ke toshe enzayim ɗin da ke narkar da nama a tumbin mutum da danginsa, har da mai daskarar da madarar cuku. Waɗannan biyu ba su zama maganin asibiti ba, amma sun zama kayan aikin yau da kullum a ɗakunan gwaji na duniya. A ƙarshen shekarun 1980, fefsitatin na cikin abubuwan da masana suka yi amfani da su wajen gane irin enzayim ɗin da ƙwayar HIV ke yanka sassan jikinta da shi. Maganin farko da ke toshe wannan enzayim ya samu amincewa a 1995.

Biyu daga cikin matosan sun shafi sankara kai tsaye. Na farko kofomaisin, wanda suka gano a 1967, bayan sun riga sun gano wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna fomaisin. Halittar da ke fitar da fomaisin ita ce ke fitar da kofomaisin, kuma aikinsa toshe enzayim ɗin da ke karya fomaisin. A 1972 wata likita a Amurka, Eloise Giblett, ta gano cewa yaran da aka haifa babu wannan enzayim ba su da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, domin guba na taruwa ta kashe su. Masana suka ce to, idan aka toshe enzayim ɗin da gangan, ana iya kashe fararen ƙwayoyin jinin da suka rikiɗe suka zama sankara. Wani ɗan'uwan kofomaisin mai suna fentostatin, da kamfanin Parke-Davis ya samo daga wata halittar ƙasa a 1974, shi ne ya cika wannan buri. Amurka ta amince da shi a 1991 domin wani nau'in sankarar jini da ba a cika samu ba.

Na biyu bestatin, na 1976, wanda ke toshe wasu enzayim da ke saman ƙwayoyin halitta, yana kuma zaburar da garkuwar jiki. Japan ta amince da shi a 1987 a matsayin mai tallafa wa sauran magunguna a jinyar wani nau'in sankarar jini. Wani gwaji da aka buga a 2003, kan mutum kusan 400 da aka yi wa tiyatar sankarar huhu a matakin farko, ya nuna waɗanda suka sha shi sun ɗan fi sauran daɗewa a raye. Duk da haka bestatin bai zama maganin da ake amfani da shi a ko'ina ba. Wannan ma ɓangare ne na tarihin: sinadarin da ya yi kyau a kwalbar gwaji sai ya shekara da shekaru ana auna shi a jikin mutane, wani ya tsallake, wani ya tsaya a rabin hanya.

Inda aikinsa ya taɓa Nijar

Daga 2008 shirin yaƙi da tarin fuka na Nijar, tare da Gidauniyar Damien ta ƙasar Beljiyam, ya fara gwada gajeriyar jinya ga masu tarin da ya bijire wa manyan magunguna. A da jinyar kan kai kusan shekara biyu, sabuwar kuwa wata 12 ce, kuma allurar kanamaisin na cikin magungunan watannin farko. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa cikin marasa lafiya 65 na farko, 58 sun warke. Irin wannan sakamako daga Bangladesh da ƙasashen Afirka ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeriyar jinya a 2016. Amma kanamaisin na lalata jin wasu marasa lafiya, don haka daga 2018 hukumar ta ba da shawarar a daina amfani da shi a wannan jinya, aka koma ga sababbin magunguna na haɗiya.

Ta fuskar sankara kuwa, tazara ce babbar matsala. Mutumin Keita ko Barmou ko Takanamat da ya ga ƙari a jikinsa zai fara da ƙaramin asibitin garinsu, a tura shi babban asibitin jiha a birnin Tahoua, daga nan sau da yawa sai Yamai, tafiyar kilomita kusan 550. A can ne Cibiyar Yaƙi da Cutar Sankara ta Ƙasa take, kuma a 2021 ne aka buɗe sashen gashin sankara na farko a ƙasar, da taimakon Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kuɗin mota da na masauki da na magani kan sa iyalai jinkiri, a yi ta jiƙe-jiƙe har ciwon ya ci jiki.

Adar ƙasar 'yan cirani ce. Da yawa daga cikin kuɗin jinyar da ake kashewa a ƙauyukanta daga Abidjan da Legas da Libiya da Aljeriya suke zuwa, don haka mai aiko da kuɗi na da ta cewa kan inda za a fara kai mara lafiya. Sankarar Hodgkin da ta 'ya'yan maraina suna cikin waɗanda ake warkewa idan an je da wuri kuma an kammala jinya. Kuɗin farko gara a kashe shi a kan gwaji, a san sunan ciwon.

Tarihin Umezawa na kuma amsa wata magana da ta zama ruwan dare a kasuwanni da shafukan sada zumunta, wai duk maganin da ya fito daga ƙasa ko itace ba ya cutarwa. Daga ƙasa biliyomaisin ya fito, yana kuma taurara huhu. Daga ƙasa kanamaisin ya fito, yana kuma kurumtarwa. Sun zama magani ne bayan an tace su, an san abin da suke taɓawa a jiki, an auna adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa. Haka nan duk kafson da aka saya a farantin mai talla a tasha, aka sha biyu aka bari, dama ce ake bai wa ƙwayoyin cuta masu irin enzayim ɗin da ya gano a 1967 su tsira su yawaita.

Ƙarshen rayuwarsa

Umezawa bai daina aiki ba har ƙarshen rayuwarsa. A 1975 cibiyarsa ta sanar da akilarubisin, wani maganin sankarar jini. A 1980 Jamus ta ba shi kyautar Paul Ehrlich, tare da Tomoichiro Akiba, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano yadda ƙwayoyin cuta ke miƙa wa juna taurin kai. Ya rasu a Tokyo ranar 25 ga Disamba, 1986, yana da shekara 72, kafin bestatin ya shiga asibitoci. Cibiyar da kuɗin kanamaisin suka gina na nan tana aiki.

Neman da ya yi bai tsaya a Japan ba. A maƙwabciya Aljeriya, masana sun sanar a 2004 da wata sabuwar halitta da suka samo a ƙasar Sahara, suka sa mata suna Saccharothrix algeriensis, kuma tana fitar da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta. Ƙasar kwarin Majiya da ta fadamun Keita da lakar tafkin Tabalak su ma cike suke da ƙananan halittu. Abin da ake buƙata kafin a san me ke cikinsu shi ne ɗakin gwaji mai wuta da ruwa, kuɗin bincike da ba ya yankewa, da ɗalibai daga Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da za su yarda su shekara suna duba faranti ɗaya bayan ɗaya.